Uba Biyu, Takarda Ɗaya

Na sauka Kanada a ƙarshen daminar wajenmu, lokacin da gero ke nuna a gonakin Arewa. A can kuwa ganyen itatuwa ne ke juyewa ja da rawaya kamar an ƙunsa musu lalle. Na yi ta kallonsu ta tagar mota ina jin daɗi, ban san sallama suke yi kafin sanyi ba. Ɗakin da wani mai haɗa wa ɗalibai dosiye, wato takardun tafiya karatu, a Yamai ya ce ya kama mini, da na isa adireshin sai na tarar shagon wankin tufafi ne. Na tsaya bakin ƙofa da akwati biyu, ban san gabas ba ban san yamma ba. Matar da ke tsaron shagon, baƙa ce 'yar Haiti, ta ba ni kujera da shayi mai zafi, ta yi ta buga waya har ta samo mini ɗaki a gidan wata ƙawarta. Har yau ban san sunanta ba, amma ba na mantawa da ita a addu'a.

Shekarar farko sanyi ne ya koya mini tsoro. Ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ƙanƙara ta rufe gari, mutane na wucewa kowa ya sunkuyar da kai. A Dogon Dutsi daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwa sai na gaisa da mutum ashirin, wasu har su tambayi kaji. Nan na yi sati uku ban ji wanda ya kira sunana ba sai malami a aji. In kewa ta dame ni, sai in rufe ido in zana dutsen garinmu a zuciyata, yadda yake yin ja da la'asar, in jera gawon da ke kan hanyar Guéchémé ɗaya bayan ɗaya har in ji numfashina ya daidaita. Karatu dai yana tafiya. Ilimin koyarwa nake yi, kuma ban taɓa faɗuwa ba.

Abin da ya kusa mayar da ni gida ba sanyi ba ne, layi ɗaya ne a kan takarda. Amma sai na fara faɗin yadda gidanmu yake.

Ni ɗiyar fari ce. Wanda ya haife ni sunansa Abdu, manomi ne a wani ƙauye kusa da Guéchémé. A wajenmu ana kunyar ɗan fari: uwa da uba ba su kiran sunansa, ba su yi masa wasa a gaban mutane, ba su nuna nasu ne. Da aka yaye ni sai aka ba wan mahaifina, Mamman, wanda ke sayar da yadi a Dogon Dutsi, da matarsa Inna Hajo. Su suka riƙe ni. Shi nake kira Baba. Da zan shiga lakwal, wato makarantar boko, aka nemi takardar haihuwa, ba ni da ita, sai Baba ya je gidan shari'a aka yi mini jujma, wato takardar da alƙali ke bai wa yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba. Da aka tambayi sunan uba ya ba da nasa. Ba ƙarya ya ɗauka yana yi ba. A ganinsa, a ce ɗan ƙaninka ba naka ba ne, wannan ita ce ƙaryar, kuma abin kunya. Haka na zama Ramatu Mamman a lakwal, a lise inda na yi sakandare, a paspo. Shi kuma Baba Abdu, in ya zo gari ranar kasuwa, sai ya ajiye mini ƙullin gyaɗa ko goruba a hannun Inna, ya ce a ba «yarinyar gidan nan». Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ban taɓa jin haushin haka ba, don na san kunya ce, ba ƙi ba.

A shekara ta biyu na zo sabunta takardar zama. Cikin tambayoyin akwai wurin da aka ce a rubuta uban da ya haife ka, a ƙasa kuma aka ce ka rantse duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Kalmar rantsuwar ce ta tsayar da ni. Na ajiye biro, na sake ɗauka, na rubuta Abdu. Ban tuna ba cewa mai dosiyen Yamai, wanda ya cika mini takardun farko, Mamman ya rubuta a wannan layin.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga ofishin shige da fice. An rubuta ta cikin ladabi, amma na karanta ta a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa. Sun ce bayanina na farko da na biyu sun saɓa, suna da damuwa ko na ba da bayanin ƙarya, kuma ina da kwana talatin in yi bayani da hujja. In ban gamsar da su ba, za a karɓe takardar zamana in bar ƙasar. Saura shekara ɗaya in gama. Na tuna yadda Baba ya zagaya rumfunan kasuwa yana nuna wa abokansa hoton bizata.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Wata ɗaliba ta haɗa ni da wani mutum da kowa ke kira Tonton, wai ba takardar da ta gagare shi. Na same shi a bayan wani shagon kayan miya, yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihu. Ya saurare ni yana kaɗa kai, ya ce Turawa ba su san riƙo ba, in na fara ba su labarin wa da ƙane za su ce ƙarya na ƙara wa ƙarya. Shawararsa ita ce in ce Abdu wani suna ne na Mamman, mutum ɗaya ne, shi kuma zai samo takarda mai hatimi da za ta nuna haka. Sai dai in kawo masa paspona ya riƙe har a gama.

«Ƙanwata, uba ɗaya suke so, ki ba su ɗaya,» in ji shi. «Ɗayan ai ba zai sani ba.»

Na ce zan kawo ranar Litinin. Na fito ina jin kamar na bar wani abu nawa a cikin shagon.

Ranar Asabar ɗin malaminmu na tarihi ya shirya mana tafiya zuwa wani gari na bakin teku, mu ga gidan tarihin baƙin da suka zo suka zauna a ƙasar. Ban so zuwa ba, amma za a ba da maki a kai. Na shiga motar da paspona da wasiƙar a cikin jaka, don tun da ta zo ba na iya rabuwa da ita, kamar mai ciwo da ke yawan taɓa wurin ciwon. Duk motar 'yan sanda da ta wuce mu sai in ƙara ƙanƙame jakar.

Gidan tarihin tsohuwar rumfa ce doguwa ta bulo a bakin ruwa, inda jiragen ruwa ke sauke mutane a da. Ɗakin farko hotuna ne na waɗanda suka fara zuwa daga Turai suka sare daji suka kafa gari, da wani allo da ke bayanin mutanen da suka tarar a ƙasar, waɗanda aka ture daga filayensu. Na daɗe a gaban wannan allon. Daga nan muka shiga ɗakin akwatuna. An jera su har kusa da rufi, na katako da na fata, wasu an ɗaure da igiya. An buɗe kaɗan: tukunya, takalmin jariri, littafin addu'a, ƙullin iri. A tsakiya an yi gumakan mutane girman mutum, mace da goyo, tsoho riƙe da hula, suna zaune kan benci suna jira. Idanunsu ba sa ƙiftawa. Tun ina ƙarama ake tsorata mu da doguwa, mai tsayuwa shiru a gindin tsamiya, kuma duk karatuna bai hana tsigar jikina tashi ba. Ga wata murya daga bango tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ga kukan jirgi, ga ƙarar ruwa. Na ji kamar duk waɗanda suka taɓa jira a wannan ɗaki suna nan ba su tafi ba, kuma sun gane ni tasu ce.

Sai mai yi mana jagora ta raba mana 'yan katuna. Kowane kati da sunan wani baƙo na da, da garinsu, da sana'arsa. Ta ce za mu yi wasa: kowa ya zama mutumin da ke katinsa, mu bi layi zuwa teburin bincike, a yi mana tambayoyi yadda ake yi wa mutanen jirgi, a buga mana hatimin shiga ko na komawa. Ɗalibai suka hau dariya suna gwada murya. Nawa katin na wani mai gasa burodi ne.

Layin katako ne mai lanƙwasa irin na shigar da dabbobi mota. A ƙarshensa wani dogon mutum zaune, da kaki da hula da gilashi, hatimi biyu a gabansa. Na san wasa ne, da kunnena na ji an faɗa. Amma duk taku ɗaya sai in manta da haka. Na ji hatimi na sauka, dum, dum, aka tura wani ɗan ajinmu gefe wai yana tari, kowa na tafi. Jakata ta yi mini zafi a hammata kamar garwashi ne a ciki. Da na iso, mutumin bai ɗago kai ba. Ya tambayi garinmu, na ce Dogon Dutsi. Na manta da katin gaba ɗaya. Ya ɗan dube ni ta saman gilashi, ya ci gaba.

«Sunan mahaifi?»

Na ga Baba yana auna yadi da hannu da haɓa, na ga Baba Abdu yana ajiye ƙullin gyaɗa yana kallon ƙasa. Wanne zan ajiye?

«Su biyu ne,» na ce.

Aji ya fashe da dariya, sun ɗauka na iya wasan ne. Shi ma ya murmusa, ya ɗaga hatimin komawa yana cewa a nan uba ɗaya ake karɓa. Na ga hatimin ya tashi sama. Na riƙe bakin teburin, hawaye na zuba ba sauti. Dariyar ta mutu. Mutumin ya cire hular da sauri yana ba ni haƙuri, sai na ga ashe saurayi ne, hular ce ta tsofar da shi.

Wata tsohuwa mai farin gashi ta kama hannuna ta fitar da ni daga layin. Ta ce sunanta Madam Irène, ta yi ritaya, tana zuwa ne ta taimaka a ɗakin takardu inda mutane ke neman sunan kakanninsu. Can ta kai ni, ta zaunar da ni kusa da abin ɗumama ɗaki, ta miƙo mini ruwa. Ba ta tambaye ni komai ba. Wataƙila shi ya sa na faɗa mata komai: kunyar ɗan fari, riƙo, jujma, wasiƙa, har da Tonton da ranar Litinin. Na yi zaton za ta yi mini kallon maƙaryaciya. Sai ta tashi ta kunna wata na'ura, ta nuno mini hoton wani tsohon shafi na littafin jirgi, an jera sunaye da rubutun hannu. Ta sa yatsa a kan wani layi, yarinya 'yar shekara shida da aka rubuta a matsayin ɗiyar wasu mata da miji. Ta ce wannan mahaifiyarta ce, kuma waɗannan ba iyayen yarinyar ba ne, yayar uwarta ce da mijinta. Uwar ba ta da lafiyar da za a bar ta ta shiga jirgi, sai aka ba su yarinyar. Ta ce irin wannan ya cika littattafan nan, ba wata ƙasa da ba a riƙon ɗan ɗan'uwa.

Ta gaya mini ita ba lauya ba ce, ba za ta yi mini alƙawarin komai ba. Amma abin da ta gani a shekarunta cikin takardun nan shi ne, labarin gaskiya ko ya yi tsawo yana nan yadda yake duk ranar da aka sake tambaya, na ƙarya kuwa kullum sai an yi masa faci. Ta ce kada in ba kowa paspona, in je wurin lauyan da ke taimakon ɗalibai a makarantarmu. Ta rubuta mini hakan a bayan katin mai burodi, kamar ta san in ba a rubuce ba tsoro zai goge shi.

Ranar Litinin ban je wurin Tonton ba. Ya yi ta kira, har ya aiko saƙo cewa zan yi da-na-sani, na kashe wayar. Lauyar makaranta, wata mace mai saurin magana, ta ce ba ta da tabbas, amma akwai hanya ɗaya: mutanen biyu su je gaban alƙali a Dogon Dutsi da shaidu, ɗaya ya ce shi ya haife ni, ɗayan ya ce ba shi ya haife ni ba, riƙo ya yi, a rubuta a sa hatimi a aiko. Ta faɗe shi kamar mai aiken sayen gishiri. Ni kuwa na ji ya fi wasiƙar nauyi. Shekara ashirin da huɗu ba a taɓa furta waɗannan kalmomi a gidanmu ba. Yaya zan dubi mutumin da ya goya ni a wuya zuwa filin Idi in ce ya tsaya gaban mutane ya ce ni ba tasa ba ce?

Ban iya kiran Baba ba. Inna Hajo na aika wa saƙon murya, na share na sake har sau biyar kafin in tura. Ta saurara, alamar ta nuna, amma ba ta amsa ba. Kwana ɗaya, biyu, uku. Kwanakin wasiƙar na ƙarewa, ni kuma ina zuwa aji ina dawowa kamar inuwa. Na fara tunanin ko Baba ya yi fushi, ko ya ce in dawo kawai ya fi masa sauƙi. A raina na ce in haka ya zaɓa ba zan ga laifinsa ba.

Rana ta biyar da hantsi Inna ta kira. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce sun dawo daga jastis, wato gidan shari'a. Wai Baba, da ta faɗa masa, washegari ya rufe rumfa ya hau kabu-kabu zuwa ƙauye ya taho da ƙaninsa. Ita ta bi su don shaida, da limamin unguwa. Ta ce alƙalin yaro ne, ba ɗan Arewa ba, bai san abin da yake nema a bakin tsofaffi ba. Ya tambayi Baba Abdu sunan ɗiyarsa, Baba Abdu ya ce yarinyar wajen yaya. Alƙali ya ce suna yake so. Baba ya yi caraf zai faɗa masa, alƙali ya ce a'a, daga bakin uban. Inna ta ce Baba Abdu ya cire hula, ya mayar, ya dubi ƙofa kamar zai gudu.

«Wallahi, Ramatu, har zufa ya yi,» in ji Inna. «Sannan yac ce shi, can ƙasa-ƙasa, kamar mai haɗiye ƙaya. Ni kaina sai da na rufe fuska.»

Na tambaye ta Baba fa. Ta ce da aka tambaye shi ko shi ya haife ni, sai ya ce alƙali ya rubuta duk abin da zai sa a bar ni in gama karatuna. Alƙali ya ce i ko a'a. Baba ya ce a'a. Da suka dawo gida ya shige ɗaki, tuwon da ta kai masa haka ta ɗauko shi.

Takardar ta iso saura kwana huɗu. Lauyar ta haɗa ta da dogon bayanin da na rubuta da hannuna, muka tura. Daga nan sai jira. Wata uku na yi ina tsoron akwatin wasiƙa, ina tsoron ƙwanƙwasa ƙofa, na bar akwatina ɗaya a shirye ƙarƙashin gado. A duk wannan lokaci in na kira gida Inna ce ke ɗauka, ta ce Baba na kasuwa, ko yana masallaci. Ni ma ban matsa ba, don ban san da wane baki zan gaishe shi ba.

Amsar ta zo lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Sun karɓi bayanina, sun sabunta takardar. Na zauna bakin gado na daɗe kafin in danna lambar Baba, tasa ta kansa. Ya ɗauka, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wata mata na cinikin atamfa. Na gaishe shi, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu, kamar jiya muka rabu. Na faɗa masa an bar ni. Ya yi hamdala sau uku. Sai na fara ba shi haƙuri kan abin da na sa shi faɗa. Ya katse ni.

«Ke, saurara. Abin da anka tambaye ni can na faɗa, don takarda ta, kuma takardar tana hannun Nasara, su riƙe abinsu. Amma in kin dawo, kar in ji wanga zance a gidana.»

Na ce to, Baba.

Ya ce in ajiye waya, yana da ciniki.